Yadda Ake Zaunar da Karen da Aka Ceto a Gidan Reno Kafin Ya Samu Mai Ɗaukarsa

Tambayar da masu aikin sa-kai a gidajen renon karnuka suka fi yi mini ita ce: an kawo kare jiya, ya ƙi ci, ya maƙale a lungu yana rawar jiki, ko kuma ya kwana yana haushi, me za mu yi masa? Wasu kuma sukan ce an tsinto shi ne a bakin titi, ba wanda ya san inda ya fito, ta ina za a fara? Na sha amsawa a gutsuttsure, shi ya sa na ga gara in jera matakan yadda nake bin su, tun kafin motar da ta ɗauko shi ta tsaya har ranar da zai bi sabon ubangidansa.

Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu. Halin da kare ya nuna a kwana ukun farko ba nasa ba ne, na tsoro ne. An gwada jinin karnukan da aka kai gidajen reno, aka ga sinadarin kotisol, wanda jiki ke saki a lokacin firgici, ya fi hawa a waɗannan kwanaki uku, daga baya ya riƙa sauka. Duk matakan da ke ƙasa an jera su ne don a taimaka masa ya sauko, ya gane abin da zai faru da safe da abin da zai faru da yamma.

1. Shirya ɗaki kafin ya iso

Kada kare ya iso ya tarar ana shara da jan kaya. Ka zaɓi ɗakin da ya fi nisa da ƙofar shigowa da inda ake wanke kwanuka, wanda kuma ba ya fuskantar wani kare ido da ido. Sabon zuwa yana buƙatar wurin killacewa na kwana 10 zuwa 14, nesa da sauran, saboda wasu cututtukan da ake tsoro sukan ɓuya a jiki kusan tsawon wannan lokaci kafin su bayyana.

Ɗakin da ya fi dacewa shi ne mai ɓangare biyu da 'yar ƙofa a tsakani, wajen kwana da ci a gefe ɗaya, wajen ba-haya a ɗaya gefen. Kare ba ya son yin kashi kusa da shimfiɗarsa. Idan ɗaki ɗaya ne, ka sa gado da kwanuka a can ƙurya, ka bar masa fili ta wajen magudanar ruwa.

Kayan da za ka tanada: gado mai ɗan tudu da zai ɗaga shi daga sanyin siminti, bargo ko tsohon tawul mai tsabta, kwanuka biyu na ƙarfe marar tsatsa (na roba yana karcewa, datti ya maƙale a karcen), igiya mai zarge, abin wuya, ɗamarar ƙirji, takunkumi irin na kwando wanda kare zai iya haki da shan ruwa a cikinsa, safar hannu, ma'aunin zafi, sikeli, da kati da biro a rataye a ƙofa. Tsintsiya da bokiti da abin kwasar kashi na wannan ɗaki su zama nasa shi kaɗai.

Sai maɓoya, wadda mutane suka fi mantawa da ita. Keji buɗaɗɗe da aka lulluɓe samansa da gefensa da bargo ya isa, ko kuma a rufe rabin wayar ƙofa da zane. Karen da ya san yana da inda zai ɓuya ya fi saurin fitowa.

Gargaɗi: Ka bi ɗakin da hannu, ba da ido kawai ba. Waya mai tsini, sakata mai santsi, rami a ƙasan shinge, duk karen da ya firgita zai gano su a daren farko. Wasu karnuka suna hawa shinge kamar tsani, don haka sabon zuwa ya fi aminci a ɗaki mai rufi. Zafin wajen kwana kada ya wuce digiri 26, saboda kare ba ya gumi irin namu, da haki yake rage zafi.

2. Sauke shi daga mota

A nan akan yi asarar karnuka. An buɗe mota, kare ya yi wuf ya bi ta ƙarƙashin hannu, sai nema. Ka shigar da motar cikin harabar, a rufe ƙofar waje, sannan a buɗe motar. Idan a keji yake kuma za a iya ɗauka, a kai shi da kejin har cikin ɗaki, a buɗe, a fita a bar shi ya fito don kansa. Idan da ƙafa zai shiga, a sa masa igiya biyu, ɗaya a wuya ɗaya a ɗamarar ƙirji, tun kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Abin wuya ya zama yatsu biyu ne kawai ke shiga ƙarƙashinsa, in ya fi haka sakwa-sakwa, karen da ya ja da baya zai zare kansa.

Mutum ɗaya ya riƙe shi, ɗaya ya tsaya a gefe, sauran kowa ya kama gabansa. Na san kowa yana so ya ga sabon baƙo, amma taron mutane shida a kan kare mai tsoro zalunci ne ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi. Ka tsaya da shi a wani fili mai shiru ya shinshina, ko zai yi fitsari, sannan ka bi da shi ta hanyar da ba za ta ratsa gaban sauran karnuka ba.

Gargaɗi: Kada ka sunkuya a kansa, kada ka zuba masa ido, kada ka miƙa hannu saman kansa, kada ka rungume shi. Ka juya masa gefen jikinka. Idan ya tirje ya kwanta, kada ka ja shi a ƙasa. Ka sassauta igiya, ka jira, ka jefa 'yar tsokar nama gaba kaɗan.

3. Duba na farko da rigakafi

Wannan aikin ranar farko ne, kuma a taƙaice ake yin sa. Fara da na'urar karanta lambar shaida. Ana dasa wa karnuka wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, yawanci tsakanin kafaɗu, mai ɗauke da jerin lambobi 15. Takan zame ta koma gefen wuya ko ƙirji, don haka ka bi jikin gaba ɗaya a hankali. Mai yiwuwa karen ɓata ya yi, wani na can yana nemansa. Dokar ƙasashe ta bambanta kan kwanakin da za a riƙe tsintaccen kare kafin a ba wani, ka san ta inda kake, ka cika ta.

Ka auna nauyinsa ka rubuta, ka ɗauki hotonsa ta gaba da ta gefe. Ka duba ido da hanci ko akwai kwantsa ko majina, ka duba kunne, ka laluba fata ko akwai kaska, ƙuma, ƙazuwa ko rauni. Dasashi mai lafiya ja-ja ne mai ɗanshi, idan ya yi fari fat akwai ƙarancin jini. Zafin jikin kare yana tsakanin digiri 38 da 39.2. Sauran binciken na likitan dabbobi ne, kuma ya kamata ya gan shi cikin kwana ɗaya ko biyu, ko nan take idan akwai rauni, amai, zawo da jini ko kasala.

Rigakafi ana yin sa ne a ranar shigowa, ba a jira sai ya huta. Allurar haɗaka ta farbo (cutar amai da zawo da jini mai saurin yaɗuwa) da distemfa (cutar zazzaɓi da majina mai iya taɓa ƙwaƙwalwa) da ciwon hanta ita ce kan gaba, a maimaita bayan mako biyu zuwa huɗu. Sai na ciwon tari irin na gidan karnuka, wanda akan ɗiga a hanci, da na ciwon haukan kare ga wanda ya kai mako 12. 'Yan kwikwiyo ana maimaita musu duk bayan mako biyu har su kai wata huɗu zuwa biyar. A ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma daidai nauyinsa. Karya mai ciki da kare mai tsananin ciwo, likita ne zai yanke abin da za a yi musu.

Gargaɗi: Karen da ba a san tarihinsa ba, idan yana dalalar da miyau, ya kasa haɗiya, yana tangaɗi ko yana cizon duk abin da ya samu, kada wanda ya sa hannu a bakinsa da sunan neman ƙashin da ya maƙale. A rufe shi, a kira likita. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya wuce asibiti a ranar. Karen kuma a tsare shi ana lura da shi kwana 10. Ciwon hauka in ya bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi.

Wanka ya jira, sai dai in jikin ya ɓaci da abin da zai cutar da shi. Warin kwana uku ba ya kashe kowa.

4. Kwana ukun farko: a ƙyale shi

Wannan ne mataki mafi wuya, saboda aikinsa shi ne kame kai. Mai tausayi yana so ya shiga, ya shafa, ya lallasa, ya nuna wa karen cewa wahala ta ƙare. Karen bai san haka ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma mai yiwuwa hannun mutum ne ya sare shi.

A ware masa mutum ɗaya ko biyu da za su riƙa kula da shi. Ka shiga sau uku ko huɗu a rana, minti goma zuwa sha biyar. Ka zauna a ƙasa ko kan 'yar kujera, gefenka na fuskantarsa, ka yi magana ƙasa-ƙasa ko ka karanta wani abu a bayyane don ya saba da muryarka. Ka jefa loma ta wuce shi, ta faɗi a bayansa. Dalilin jefawa baya shi ne, idan ka riƙe ta a hannu, yunwa za ta jawo shi kusa fiye da yadda zuciyarsa ta yarda, ya ƙwace, ya ɗaga kai ya gan ka dab da shi, ya firgita. Ta haka akan samu cizo a makon farko.

Idan ya matso ya shinshina ka, kada ka motsa. Shinshina tambaya ce, ba gayyata ba. Ranar da ya jingina da kai ko ya tura hancinsa ƙarƙashin hannunka, ka shafa ƙirji ko kafaɗa kamar daƙiƙa uku, ka janye hannu. In ya sake matsowa, ka ci gaba. In ya kau da kai, ya isa na yau.

Ka koyi karanta jikinsa. Lasar leɓe ba tare da abinci ba, hamma ba tare da barci ba, haki ba tare da zafi ba, kunnuwa a manne, jela a matse tsakanin ƙafafu, farin ido a bayyane yana kallonka a kaikaice, duk cewa yake yi a ba shi wuri. Wanda ya fi duka haɗari shi ne ya sandare kamar gunki, baki a rufe. Ka ja da baya a hankali. Kaɗa jela kuma ba kullum murna ba ce, jela a miƙe sama tana karkarwa da sauri alama ce ta shirin faɗa.

Gargaɗi: Kada ka tsawata wa kare don ya yi gurnani, balle duka ko watsa ruwa. Gurnani sanarwa ce. Idan ka hana shi sanarwa, gobe cizo zai zo babu sallama.

Akwai irin karen da ke ruɗar mutane, wanda ya kwanta shiru, ba haushi, ba motsi, ana ta yaba masa hankali. Na taɓa karɓar wata karya haka, aka rubuta mata “mai sanyin hali” a kati tun ranar farko, aka daina damuwa da ita saboda ba ta damun kowa. Sai a kwana na uku muka lura ba ta taɓa barci na gaske ba, idonta biyu ko da yaushe, ba ta ko taɓa ruwa sai dare ya raba. Tsoro ne ya daskarar da ita. Mai ihu aƙalla yana faɗin damuwarsa, mai shirun ne ya fi buƙatar a sa masa ido.

Barci magani ne a nan. Babban kare yana buƙatar awa 12 zuwa 14 a rana, kuma hayaniyar gidan karnuka takan haura desibel 100 a ma'aunin ƙarar sauti idan haushi ya kaure, ga kunnen da ya fi namu ji nesa ba kusa ba. A kashe fitila da dare, a ware awa ɗaya ko biyu da rana da ba shiga ba fita, a daina buga ƙofofin ƙarfe da jefa kwanuka. Sauti mai taushi ƙasa-ƙasa yana rage haushi, amma a riƙa canza shi, a kuma kashe da dare.

5. Ci da sha

Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa dare da rana. Kare yakan sha kamar mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 20 zai sha lita ɗaya ko fiye kaɗan. Ka auna abin da ka zuba don ka san abin da ya ragu.

Idan an san abincin da ya saba ci, a ci gaba da shi, a sauya a hankali cikin mako guda: kashi ɗaya cikin huɗu na sabo, sai rabi, sai uku cikin huɗu. Idan ba a sani ba, a zaɓi iri ɗaya mai sauƙin narkewa a tsaya a kansa. Babba sau biyu a rana, ɗan kwikwiyo sau uku ko huɗu, kullum a lokaci guda. Ka ajiye kwano kusa da maɓoyarsa, ka fita. Da yawa ba sa ci idan ana kallonsu, wasu sai cikin dare. In ya ƙi, ka ɗan ɗumama abincin ko ka zuba masa romo marar gishiri da albasa, ƙamshin ne ke jawo shi. Babban kare da ya yi kwana biyu bai ci ba, a kira likita. Ɗan kwikwiyo kuwa ko wuni guda kada a jira.

Gargaɗi: Karen da yunwa ta rame shi har ana ƙirga haƙarƙarinsa, kada a cika masa kwano. Jikin da ya daɗe babu abinci, in aka ɗura masa da yawa lokaci guda, sinadaran jini sukan rikice har zuciya ta tsaya. Ana farawa da kamar kashi ɗaya cikin uku na abin da ya kamata ya ci, a raba sau huɗu zuwa shida, a ƙara kaɗan-kaɗan cikin kwanaki bisa shawarar likita. Zai kalle ka da idon roƙo, ka daure.

Kada a ba shi cakulan, albasa, tafarnuwa, inabi ɗanye ko busasshe, alewa ko cingam mai zailitol (wani sinadarin zaƙi da ake sawa a madadin sukari), ko dafaffen ƙashi mai tsagewa. Maganin ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen da farasitamol kada wanda ya ba shi da ka. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji kada su yi guje-guje dab da gama ci. Idan ciki ya kumbura, yana yunƙurin amai babu abin da ke fita, a garzaya da shi, murɗewar tumbi tana kisa cikin awoyi.

6. Shara da wanki

Kowace safiya, kafin ka kwashe komai, ka duba ka rubuta: ya yi kashi? Yaya kamarsa? Ya yi fitsari? Karen da ya saba da zaman gida yakan matse fitsarinsa don kada ya ɓata ɗaki, irin wannan a fitar da shi tun da sassafe da kuma dab da rufewa. In ya yi awa 24 bai yi fitsari ba, na likita ne.

Tsarin wanki shi ne a mayar da kare ɗaya ɓangaren ko a fitar da shi, a kwashe kashi, a goge da sabulu, a ɗauraye, sannan a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta. Bilic, wato ruwan wankin da ke faranta tufafi, yana kashe farbo idan an haɗa awo 1 da awo 32 na ruwa, aka bar shi jiƙe minti 10, aka ɗauraye, aka bari ya bushe. A kan datti ba ya aiki, kuma haɗin na ranar ne kawai. Farbo tana iya yin watanni a ƙasa da jikin takalmi, shi ya sa ake fara aiki da 'yan kwikwiyo da masu lafiya, a zo kan sababbin zuwa, a ƙare da marasa lafiya.

Gargaɗi: Kada a kunna tiyo kare yana ciki. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanki ko a zuba shi kan fitsarin da ba a ɗauraye ba, hayaƙinsa guba ne. Kada kuma a kwashe masa duk shimfiɗa kullum. In ba ta ɓaci ba, a bar masa bargo ɗaya mai warin jikinsa, da shi yake gane wurin nasa ne.

7. Jadawali, fita da wasa

Daga kwana na huɗu, idan yana ci yana barci, a fara buɗe masa duniya. Ka rubuta jadawali ka manna a ƙofa: fita, ci, shara, hutu, fita, ci, kashe fitila. Kowa ya bi shi, kowa ya yi amfani da kalmomi iri ɗaya. In wannan ya ce “zauna”, wancan ya ce “ƙasa”, karen ne ke shan ruɗu. Idan ba a san sunansa ba, a raɗa masa gajere, a kira, ya waiwayo, a ba shi loma. Cikin kwanaki zai kama.

Fita ta fara da minti goma a fili mai shinge wanda ba na sauran karnuka ba, tunda yana cikin killacewa. A bar shi ya shinshina son ransa. Shinshina tana gajiyar da kare ta kwantar masa da hankali fiye da gudu. A cikin ɗaki kuma a ba shi aikin yi: abin wasa na roba mai rami irin Kong da aka cusa wa abinci, kwali da aka ɓoye loma a ciki, ko a watsa busasshen abincinsa cikin tawul a naɗe. A riƙa sauya su. Wanda ke haɗiye tsumma ko roba, a ba shi ne kawai ana tsaye.

Koyarwa ta tsaya kan abin da zai amfane shi gaban masu zuwa dubawa: ya zauna kafin a buɗe ƙofa, ya yi tafiya ba ja, ya kalli mutum in an kira shi. Ka rataya gwangwanin loma a ƙofarsa, duk wanda ya wuce ya tarar ƙafafunsa huɗu a ƙasa kuma bai yi haushi ba, ya jefa masa ɗaya. Minti biyar sau biyu a rana ya fi awa ɗaya a mako.

Bayan killacewa ta ƙare, a gwada shi da wani kare mai sanyin hali. Su yi tafiya gefe da gefe da tazara, kowa da mai riƙonsa, a rage tazarar sannu a hankali. Waɗanda suka shaƙu, zama tare ya fi musu kaɗaici, amma a raba su lokacin ci.

8. Idan zaman ya fara cin sa

Wani kare yakan zauna lafiya wata ɗaya, sannan ya fara lalacewa: zagaye a wuri ɗaya, kai-komo ta layi guda, tsalle jikin bango, lasar ƙafa har ta yi gyambo, rama duk da yana ci, ko ya juya wa ƙofa baya. Ka riƙa auna shi duk mako. Da ka ga waɗannan, ka canza masa ɗaki zuwa mai shiru, ka ƙara fita, ka bar shi ya wuni a ofis kusa da mutane, ka kuma sanar da likita, don wani lokaci ciwo ne, wani lokaci kuma ana buƙatar maganin rage firgici. Mafi inganci shi ne gidan riƙo na wucin gadi. An gwada, an ga ko kwana ɗaya ko biyu a gidan wani yana saukar da kotisol, karen ya samu dogon barci, kuma komawarsa gidan reno ba ta sa ya fi yadda yake a da muni.

9. Inda kuɗi ke tafiya

Makon farko ya fi kowane tsada: ganin likita, allurai, maganin tsutsa da kaska, dasa lambar shaida. Sai fiɗiya ko cire mahaifa, wanda yawanci shi ne babban kashi guda, kuma ana yin sa ne bayan ya murmure. Daga nan abinci da kayan wanki ne ke ci kullum. Za ka iya yin tsimi a barguna, kayan wasa da gado, tsofaffi masu tsabta sun wadatar. Kada ka yi tsimi a rigakafi, sakata ko maganin wanki. Jinyar kare ɗaya mai farbo takan ninka kuɗin allurarsa sau da yawa, kuma ba a kansa kaɗai take tsayawa ba. Ka ware wani abu na ko-ta-kwana a kan kowane sabon zuwa.

10. Masu dubawa da ranar tafiya

Kada a fitar da hotonsa ko a rubuta bayanin halinsa sai ya cika mako biyu aƙalla. Ka rubuta abin da ka gani da idonka: “yakan yi gurnani idan an matso kwanonsa”, ba “mugu ne” ba. Ka sani kuma halin gidan reno ba lallai ya bi shi gida ba, da yawa masu tsare kwano a nan sukan daina idan suka samu natsuwa. Duk da haka a faɗa wa mai ɗauka komai, musamman cizo, tsoron yara, ko bin kyanwa da kaji. Abin da aka ɓoye shi ke dawo da kare bayan mako guda, kuma dawowar ta fi zuwan farko ciwo.

Ganawa a yi ta a fili ko ɗaki mai shiru, ba ta bayan waya ba. A fitar da shi ya yi ba-haya ya rage zumuɗi tukuna, a ba baƙin loma da abin wasan da ya fi so, a ce su zauna su bar shi ya zo. Duk mutanen gidan su zo, in suna da kare su kawo shi a yi tafiyar gefe da gefe. Ziyara biyu ta fi ɗaya.

Ranar tafiya a rage masa abincin safe saboda amai a mota. A haɗa masa katin rigakafi, jadawalinsa a rubuce, abincin mako guda, da bargonsa ba tare da an wanke ba. A mayar da lambar shaida kan sunan sabon mai shi a ranar. A gaya musu zai sake komawa baya kamar kwanakin farko, su maimaita mataki na 4 a gidansu, su hana baƙi cincirindo, kada kuma su sake shi babu igiya a waje na makonni da yawa. Masu wannan aiki sukan ce kwana 3 na firgici, mako 3 na koyon tsarin gida, wata 3 kafin ya saki jiki. Kiyasi ne kawai, wani ya fi haka sauri, wani ya ninka.

Gargaɗi: Kai za ka sa shi a motarsu da igiya biyu, a keji ko a ɗaure, ka kuma ce kada su buɗe sai sun shiga gida sun rufe ƙofa. Ka kira su bayan kwana uku, ka sake kira bayan mako uku, ka tambayi ci, barci da ba-haya. Ka tabbatar musu tun a bakin ƙofa cewa in abu ya gagara, nan za su dawo da shi, kada su miƙa shi ga wani.